Askar da ta goce: abin da ya faru a wani shagon surfani a Garwa

Daren ashirin da uku ga azumi, bayan an sauko daga tarawi, kawuna ya shimfiɗa wata babbar riga a kan teburin yanka, ya tsaya yana kallonta bai ce uffan ba. Farar shadda ce mai tsada, ta wani Alhaji dillalin shanu da ya fi shekara goma yana kawo mana ɗinki. Askar da ke gefen aljihu, wato zanen surfanin nan mai tsini, rabinta na sama ya zauna inda ya kamata, na ƙasa kuwa ya goce hagu da abin da bai wuce kaurin ƙwayar gero ba. Wanda bai san riga ba zai wuce bai lura ba. Amma mai rigar ya san riga, kuma shadda ba ta da yafiya: duk inda allura ta huda, ramin ya zauna ke nan, ko an warware zaren.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na yi karatun lantarki a makarantar koyon sana'a, kuma ni nake riƙe masa littafin shago. Na rubuta wannan ne saboda na ga teloli da yawa, daga Ngawundare har Marwa da Njamena, suna haɗa kuɗi don sayen injin surfani na kwamfuta, kuma abin da mai sayarwa yake gaya musu rabin labari ne.

Shagon yana kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, kawu ya gaje shi daga mahaifinsa. Kafin injin ya zo, aiki iri biyu ake yi. Akwai ɗinkin hannu, wanda wani dattijo da muke kira Malam yake jagoranta, shi da mutum huɗu a kan tabarma cikin zaure. Malam shi ne mai zayyana: shi yake zana aska biyu, aska takwas, tambari da dagi a jikin yadi kafin allura ta taɓa shi. Riga ɗaya takan ci makonni, mai nauyin aiki ta ci watanni. Sai kuma masu keke, mutum uku, biyu a kan Singer 20U, ɗaya a kan tsohuwar Cornely mai ɗinkin sarƙa, suna fitar da wuyan kaftani da na jamfa a kwana ɗaya ko biyu.

Abin da ya tayar da hankalin kawu shi ne mutanensa sun fara tura yadi Yola da Kano, ya dawo cikin mako guda da aikin kwamfuta, sumul, ba a ganin inda aka fara da inda aka tsaya. Da naira ta faɗi a 2023, aikin can ya ƙara araha ga mai sefa a aljihu. Kawu ya sayar da shanu, ya ɗauki adashi, ya yi odar inji mai kai biyu daga ƙasar Sin, kowane kai da allura goma sha biyu. Ya sauka a Duwala, jirgin ƙasa ya kawo shi Ngawundare inda layin dogo ya ƙare, daga nan kamiyo, wato babbar motar kaya, ya ƙarasa da shi. Sai da aka fasa bakin ƙofa kafin akwatin ya shiga. Wani makaniki ya zo daga Duwala ya yi kwana uku, ya harhaɗa shi, ya koya wa ɗan kawu, wato ƙanena, yadda ake loda zane da sa zare, ya koma.

Yadda abin yake aiki

In aka ce mutum-mutumi, hankalin mutane yakan tafi ga wani abu mai kai da ƙafafu. Na masana'anta ba haka yake ba. Na farko da aka sa aiki, Unimate, hannu ne kawai na ƙarfe, a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka a 1961, yana ɗauke ƙarafa masu zafi da aka zuba a mazubi. Zuwa 2023, irin waɗannan hannuwa da ke aiki a masana'antun duniya sun haura miliyan 4, kuma fiye da rabin sababbin da aka kafa a shekarar a Sin aka kafa su. Injin kawu ba hannu ba ne, amma jininsu ɗaya: ana ba shi jerin wurare, yana zuwa kowanne bi da bi, ba gajiya, ba tunani.

Allurar ba ta yawo. Sama da ƙasa kawai take yi a wuri guda. Yadin ne ke yawo a ƙarƙashinta, an ɗaure shi tamau a cikin firam, motoci biyu, wato ƙananan injinan lantarki masu juyawa, suna jan firam ɗin, ɗaya hagu da dama, ɗaya gaba da baya. Zanen da ake lodawa da ɗan makullin ajiya na USB ba hoto ba ne, lissafi ne. Tsarin da aka fi amfani da shi, DST, wanda kamfanin Tajima na Japan ya fito da shi, yana ƙirga tafiya ne da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma taku ɗaya ba ya wuce milimita 12.1. Ko launi babu a cikinsa. Abin da yake cewa kawai shi ne matsa nan, soka, matsa can, soka, tsaya a canja allura. Da wannan dabarar ce injin sassaƙa ƙofofi yake bin katako, da ita injin yankan ƙarfe da hasken leza yake bin faranti, da ita kuma ake jera ƙananan kayan da ke cikin wayar da ke hannunka.

Abin da ya ba ni dariya da na gane shi, ita kanta shaddar ɗiyar wannan dabara ce. Furannin da ke walƙiya a jikinta ba bugawa aka yi ba, saƙa su aka yi a masaƙa irin wadda Jacquard ya ƙera a birnin Liyon na Faransa wajen 1804, mai karanta zane daga kwalaye masu huji. Ashe mun daɗe muna sa aikin inji mai bin umarni a jikinmu, muna kai shi wajen masu bugu su ƙara masa ƙyalli.

Watannin farko lafiya lau. Bajon makarantu, tambarin ƙungiyoyi a kan riguna, wuyan kaftani na anko guda talatin iri ɗaya. Aiki ne ƙarami, yadi mara nauyi, kuma da rana ake yi. Kawu har ya fara zancen ƙaro inji na biyu.

Daren da abin ya faru

Azumin ya faɗo a tsakiyar zafi. Duk wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san ma'aunin zafi yakan haura 40, ga ragowar ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba. A lokacin ne kuma ruwan Binuwai yake ja baya a madatsar Lagdo, wadda ƙarfinta megawat 72 ne kuma ita ce ginshiƙin wutar arewacin Kamaru tun farkon shekarun 1980. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun sauƙaƙa lamarin, amma rana ba ta haskawa bayan isha'i, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firji, kowane tela kuma ya kunna dutsen guga.

Ƙanena ya ɗaura rigar Alhaji wajen ƙarfe tara na dare. Zanen yana da soka kusan dubu sittin. Ya sa injin a kan dubu a minti, don akwai riguna bakwai a layi. Ya ce a tsakiyar aikin ya ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka ta rage gudu, ya ji wata 'yar ƙara daga firam kamar an ja kujera, amma injin bai tsaya ba, bai nuna wata alamar kuskure a allonsa ba. Ya ci gaba har ya gama, ya yanke zare, ya yi ƙararsa ta kammalawa kamar kullum.

Kawu ya ce laifin yaro ne. Yaro ya ce laifin inji ne. Aka kira makanikin Duwala a waya, ya ce laifin wuta ne, a sayi regilato, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta. Malam yana zaune a zaure yana jin su, bai ɗago kai daga aikinsa ba.

Washegari bayan asuba na zo da ma'aunin wuta. Abu na farko da na yi, na sa aka ɗaura ƙyallen akoko, aka saki zanen nan dai. Ya fito daidai, ba gocewa. To ba a zanen matsalar take ba, kuma injin bai lalace ba. Da dare na auna wutar a soket ɗin injin: maimakon 220, tana yawo ƙasa, kuma duk lokacin da aka kunna dutsen guga sai ta sake nutsewa. Na bi wayar, sai na tarar abin kunyar a gidanmu yake. Siririyar waya ɗaya ce ta taso daga mita, a kanta injin yake, a kanta dutsen guga uku suke. Wutar unguwa ta yi rauni, gaskiya ne, amma mu muka ƙarasa ta.

Na biyu, na zare murfin layukan da firam yake gudu a kansu. Man da aka shafa tun ranar haɗawa ya gauraya da ƙura da burbushin zare ya zama kamar ƙullun tuwo. Da hannu ma sai ka ji firam ɗin yana cijewa a wani wuri.

Na uku Malam ne ya nuna shi, ba ni ba. Ya taso ya zo, ya kama gefen teburin injin, ya ce da ƙanena: "Ɗana, da ka ɗaura aljihun, sauran rigar ina ka bar ta?" Yaro ya ce ta sauka ƙasa ta wannan gefen. Malam ya shafa kusurwar teburin ya ce: "To nan ta maƙale. Babbar riga ba hula ba ce. Ko ni in na bar ta tana reto, sai ta ja mini hannu."

Ga yadda ukun suka haɗu. Motocin da ke jan firam a injinmu irin masu taku ne: kowane bugun wuta yana juya su digiri 1.8, taku ɗari biyu su yi zagaye ɗaya. Suna da arha, suna da daidaito, amma ba su da hanyar sanin ko sun isa inda aka aike su. Kamar makaho ne mai ƙirga taku daga gida zuwa masallaci: in santsi ya kwashe shi taku biyu, zai ci gaba da ƙirgarsa, ya tsaya yana lalube a inda babu ƙofa. Ranar nan wuta ta rage wa motar ƙarfi, layi ya cije, nauyin riga ya ja baya, sai ta zame 'yan taku. Kwamfutar ba ta sani ba, don ita a lissafinta komai ya tafi daidai. Ɗaya daga cikin ukun shi kaɗai da wataƙila bai isa ba. Akwai wata irin mota da ake kira servo, wadda take da na'urar da ke karanta juyawarta tana mayar wa kwamfuta rahoto. Ita makaho ne da ɗan jagora, in ta zame za ta gyara ko ta tsaya ta yi ƙara. Hannuwan masana'antar mota da irinta suke aiki. A injinmu, babbar motar da ke juya allura ce kawai irin wannan. Da mun san mu tambaya kafin saye, da mun tambaya.

Matsalar da ba ta yi ƙara ba

Wannan gocewar ita ce ta tayar da ƙura, amma a ganina ba ita ce babbar matsalar ba. Da bakin Malam ya buɗe, sai ya ce a ɗauko rigunan da aka gama aka ninke, waɗanda muke ganin ba su da aibu. Ya ɗaga ɗaya a kafaɗar ƙanena. Ƙirjin ya tsaya ƙiƙam kamar allo, gefen aikin kuma ya tattare, yadin ya yi 'yan ƙananan tudu da guga ba ta kwantar da su.

"Wa ya zana wannan?"

"Baba, a WhatsApp aka turo. Na ƙara masa girma ne kawai ya cika aljihun. Wancan kuma na rage shi."

"Wanda ya zana shi a kan takarda ya zana, ba a kan mutum ba."

Ya yi gaskiya ta fuska biyu, ko da yake bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Zanen DST yawan sokarsa a ƙirge yake. In ka rage girmansa, sokar nan dai ce za ta cushe a ƙaramin wuri, aiki ya yi tauri, allura ta yi ta karya zare, har ta yanka yadin. In ka ƙara, sai ya yi sako-sako, yadi yana leƙowa. Sannan zare yana da ja: kowace soka mai faɗi tana tsuke yadi ta gefen da ta bi, tana tura shi ta ƙarshenta. Masu tsara zane a manhaja irin su Wilcom suna ƙara wa faɗin layi kashi biyu zuwa huɗu cikin goma na milimita don rama wannan tsukewa, kuma suna shimfiɗa wani ɗinki a ƙasa kafin na sama ya hau. Amma nawa za a ƙara, wannan ya danganta da yadin. Shadda mai ƙauri da sitaci daban, toyobo daban, yadin kaftani mai santsi daban. Zanen da wani ya tsara a wani gari don wani yadi, ba lalle ya karɓi naka ba.

Malam bai san waɗannan lambobi ba, amma yatsunsa sun san su shekara arba'in. Ya san tsayen yadi ba ya miƙewa kamar kwancensa. Ya san aiki daga tsakiya ake faro shi a yi waje, don yadin ya samu inda zai gudu. Ya san babbar riga a kafaɗa take rataye, ana naɗe hannuwanta sama, saboda haka aljihun da ya yi nauyi zai karkatar da wuya. Injin yana iya kai allura wuri guda sau dubu bai kuskure da kaurin gashi ba, amma bai san ko wurin ne ya dace ba. In aka ba shi kuskure, zai maimaita shi sau dubu da kyau.

Daga nan na fara kallon sauran wuraren da ake aiki da irin waɗannan na'urori da wani ido. Ba wanda yake ajiye su a fili ya ce su yi ta kansu. Sai an gina musu duniyarsu. Masu ƙera kayan inji sun yi ittifaƙi a duniya cewa awon tsayi a zafin digiri 20 ake yinsa, domin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita in zafi ya hau da digiri ashirin. Mu nan garin auduga ne, hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton tana Garwa tun kafa ta a 1974. To duk inda ake gwada tsayi da ƙarfin zaren auduga da na'ura, ƙa'idar ita ce ɗakin ya tsaya a digiri 21 da laimar iska kashi 65 cikin ɗari, in ba haka ba sakamakon ba abin dogaro ba ne. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 don gano tarin fuka cikin kamar awa biyu, ba ta son ɗaki ya wuce digiri 30, kuma zafi da ƙura da yankewar wuta su ne manyan abokan gabarta a ƙasashe irin namu. A masana'antar mota, kafin hannu ya yi walda, an riga an damƙe ƙarfen a mazauni na musamman yadda ba zai motsa ba. Ko na'urar tiyata ta da Vinci, da aka amince da ita a Amurka a shekarar 2000, ba ita take yanke shawara ba; likita ne zaune yana sarrafa ta, ita tana tace rawar hannunsa tana ƙanƙanta motsinsa.

Kuma ga abin lura: an fi shekara hamsin inji yana walda a jikin mota, amma har yau yawancin rigunan da duniya take sawa mutane ne suke haɗa su a kan keke, a Bangaladash da Biyetnam da Sin. Ƙarfe in ka ajiye shi yana nan yadda ka bar shi. Yadi kuwa yana lanƙwasa, yana miƙewa, yana zamewa. Surfani ya yiwu da inji ne kawai saboda an ɗaure yadin a firam an mayar da shi kamar faranti. Ashe duk daidaiton yana rataye ne a kan hannun da ya ɗaura firam ɗin.

Abin da muka gyara, da abin da ya ci

Mun ja wa injin wayarsa shi kaɗai daga mita, mai kauri, muka kafa sandar ƙasa. Muka sayi regilato mai ƙarfi, da ɗan batirin da zai riƙe kwamfutar in an ɗauke wuta. Aka yanke wani ɓangare na shagon da katako da leda aka yi masa ɗaki mai ƙofa da silin. Kowace safiya ƙanena yana goge layuka, yana busa ƙurar da ke wajen kwarkwaro, yana ɗiga wa ƙugiyar mai, ya sake ɗigawa in aiki ya yi tsawo. Kafinta ya yi mana tebur biyu daidai tsayin injin, hagu da dama, don riga ta kwanta a kai. Abin da ya rage a naɗe a maƙale. Babbar riga ba a ƙara yin ta da dare ba, sai daga asuba zuwa hantsi. Kuma ba a sa allura a shaddar mutum sai an gwada zanen a kan ƙyallen da aka yanko daga ita kanta shaddar.

Gudu ma mun rage, kuma a nan ne lissafin mai sayarwa ya rushe. Shi ya ce soka dubu a minti, wato zane mai dubu sittin awa ɗaya. Mu a kan shadda ɗari shida da hamsin muke yi, wato minti casa'in da biyu. Ƙara ɗaura firam da auna tsakiya, ƙara tsinkewar zare, canjin kwarkwaro, tsince zaren da ya rage da cire takardar baya, riga ɗaya ta haura awa biyu. Kai biyun ma ba kullum suke amfani tare ba, don dole su ɗinka zane iri ɗaya a lokaci guda. Ga anko riba ce, ga rigar Alhaji guda ɗaya kuwa kai ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana kallo. Kuɗin waya, regilato, ɗaki da tebura babu ko ɗaya a cikin lissafin da kawu ya yi kafin ya sayar da shanunsa. Injin yana biyan kansa, ban ce ba ya yi ba, amma a hankali fiye da yadda aka yi mana alkawari, kuma abin da ya fi kawo kuɗi shi ne ƙananan ayyukan da ba a yi alfahari da su: bajo, tambari, wuyan yara.

Ita rigar, kawu da ƙafarsa ya je gidan Alhaji ya gaya masa gaskiya, ya ce zai sayi wata shaddar. Alhaji ya ce a bari ya ga abin da Malam zai iya. Malam ya yi dare huɗu a kanta. Bai warware komai ba. Ya bi gefen askar da hannu, ya ƙara wani siririn layi da ya fara da kauri a inda aka goce ya siranta a hankali har ya ɓace, ya yi irinsa a ɗaya gefen don su yi daidai. Alhaji ya sa ta ya je idi. Amma kuɗin ɗinkin kawu bai karɓa ba, kuma rigarsa ta Babbar Sallah ya ce da hannu yake so.

Mutanen shagon fa

Wanda zai ce inji bai kori kowa ba, bai zauna a shagonmu ba. Masu keke su suka fi shan wuya, domin aikinsu ne na tsakiya: bai kai na hannu daraja ba, bai kai na kwamfuta sauri da sumul ba. Cikin ukun, ɗaya ya koma haɗa riguna, ɗaya ya bar sana'ar yana haya da babur, mai Cornely ne kawai ya rage saboda akwai matan da har yanzu ɗinkin sarƙa suke so. Masu hannu ba su ragu sosai ba, amma kasuwarsu ta tsuke zuwa fadar lamido, angwaye da masu hali. Abin da ya fi damuna shi ne ba yaron da ya zo koyon hannu tun da injin ya shigo. Duk wanda uwarsa ta kawo, ɗakin kwamfuta yake leƙe.

Malam kuwa aikinsa ya canja ta inda ba wanda ya zata. Yanzu bayan la'asar yakan shiga ɗakin, ya zauna gefen ƙanena. Yana zana aska a takarda, a ɗauki hotonta, yaro ya bi layin a kwamfuta, shi kuma yana cewa: nan ka rage cika, nan ka juya zaren ya bi tsayen yadi, wannan tambarin ka faro shi daga ciki. Sai a gwada a ƙyalle, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce a sake. Wani zanen sai an sake shi sau biyar. Rigunan da suka fito daga waɗannan zane suna kwanciya a jiki, kuma saboda su ne wasu daga cikin masu tura yadi Yola suka dawo.

A nan kuma wata sabuwar rigima ta ɓullo, wadda har yanzu ba a kashe ta ba. Kawu yana biyan Malam ne a kan kowane zane, sau ɗaya. Da, in Malam ya zana riga, rigar nan ɗaya ce ta ci zanen, mai son irinta sai ya dawo wurinsa. Yanzu zane ɗaya ya hau riga arba'in. Bayan haka, wani abokin kawu ya dawo daga Marwa da hoton wata riga a waya, aska takwas ɗin Malam ce sak, har da ɗan lanƙwasan da yake yi wa bakin ta ƙarshe. Ƙanena ya rantse ba shi ya fitar ba, sai daga baya ya tuna ya taɓa ba wani abokinsa makullin ajiyar ya kwafi wani abu.

Malam bai yi faɗa ba. Ya samu kawu bayan sallar magariba ya ce: "Alhaji, ni ban san yadda ake ɗaure abin da ke cikin kwamfuta ba. Amma abin da ya fita daga shagon nan ana iya ƙirga shi. A riƙa ba ni wani abu a kan kowace riga." Kawu ya ce in ya yi haka farashinsa zai haura na maƙwabta, waɗanda suke samun zanen kyauta. Malam ya ce to a bar shi ya koma tabarmarsa.

Sun tsayar da cewa za su zauna bayan Babbar Sallah, ni in kawo littafi in faɗi riguna nawa suka fita da zanensa tun azumi. Na ƙirga, ɗari da goma sha bakwai ne. Zancen inji na biyu kuma kawu ya jingine shi har sai an gama wannan, ko da yake ya sa na rubuta wa dillalin in tambaye shi farashin mai motar servo a firam.